Gwiwar da ta ƙi durƙusawa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu na zumuntar mata, matasa, salama a gare ku.

Sunana Bulus. Ba ni da dogon karatu, ban kuma iya yi wa magana ado ba. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru. Yaran da ke can baya, ku yi shiru har in gama.

Da farko, ni ɗan tsere ne, gudun dogon zango nake yi. Tun ina yaro a Assakio nake gudu daga gona zuwa gida, har wani malaminmu ya kawo ni Lafia, na shiga cikin waɗanda ake horarwa don su wakilci jiha. Rayuwata a tsare take: da asuba gudu, da hantsi hutu, da yamma filin wasa. Ba na shan giya, ba na yawon banza. Amma gaskiya da ƙafafuna na dogara. Addu'ata ba ta wuce lokacin ɗaura igiyar takalmi.

Sai ranar da na faɗi. Da damina ne, muna atisaye a hanyar Adogi, ƙafata ta dama ta zurma cikin wani rami da ruwa ya rufe. Na ji wani abu ya tsinke a gwiwa. Koci, mai horar da mu, ya ce a tafi asibiti. Kawuna ya ce targaɗe ne kawai, mai ɗori ya fi likita sanin wannan. Mai ɗori ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da karare. A gida aka yi ta yi mini gashi da gishirin garin Awe mai zafi. Ashe jijiya ce ta yage! Kafin mu isa asibiti gwiwar ta kumbura kamar tulu. Dole aka yi mini aiki.

Bayan aikin, likita ya tura ni sashen gashin ƙashi, wurin wata ma'aikaciya mai suna Hajiya Falmata. Ta shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa. Ta ce gwiwar ba za ta lanƙwashe da kanta ba, kuma ɗan wasan da ya ji ciwo, tsoro kan riƙe shi fiye da ciwon. Ta ce za ta koya mini miƙe jiki da jan numfashi a hankali, abin da ake kira yoga. Ta haɗa tafin hannuwanta, ta rufe ido, ta sunkuya don ta nuna mini.

Nan take na tuna finafinan Indiya, inda ake yin haka a gaban gunki mai hannuwa da yawa.

Na ce, “Hajiya, ni Kirista ne. Ba na rusuna wa gunki.”

Ta yi dariya. “Malam Bulus, wane gunki ka gani a ɗakin nan? Fanka ce da kalanda. Ni da nake salla, ni ce zan koya maka bautar gunki? In haɗa hannun ne ya dame ka, bar shi. Ja numfashi kawai ka lanƙwasa ƙafar.”

Na ɗauki sandar da nake dogarawa na fita. Ban tambayi kowa ba, ko Baba Fasto. A zuciyata ina ganin na tsaya wa Allah.

Koci ya biyo ni har gida. Ya ce, “Bulus, abeg, don Allah koma wurin matar nan. Kanka ya fi gwiwar tauri.” Na ce ya sauka lafiya.

Watanni suka wuce. Ƙafar ta sandare kamar icce. Aka cire ni daga cikin 'yan tsere. Ina zaune a ƙofar gida da safe, sai in ga abokan atisayena suna wucewa da gudu, su ɗaga mini hannu. Idan na ji usur, ko na yaran unguwa ne, sai ƙirjina ya matse, numfashi ya gagare ni. A coci, idan aka ce mu durƙusa, ina zaune a benci da ƙafa a miƙe.

Ana cikin haka aka aiko daga Assakio cewa jikin Mama ya yi tsanani.

Na same ta kwance a tabarma a ƙasa, domin ta ce gado yana sa ta jiri. Ta rame sosai. A gidanmu, idan tsoho ya ji tafiyarsa ta kusa, 'ya'ya sukan durƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora musu hannu a ka ya sa musu albarka. Yayata ta durƙusa. Ƙanena ya durƙusa. Aka zo kaina.

Mama ta ce, “Sauko, ɗana.”

Na gwada. Allah ya sani na gwada! Gwiwar ta ƙi. Ƙanena ya riƙe ni ta hammata don ya zaunar da ni a ƙasa, wani zafi ya soke ni, na yi ihu. Mama ta tsorata ta ce, “Bar shi, bar shi, kada ku karya mini yaro.” Ta ɗaga hannunta. Iyakar inda ya kai shi ne ƙwaurina. Nan ta taɓa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ina can sama tsaye da sanda, ban ji abin da ta ce ba.

Washegari ta cika. Har yau ban san kalmomin albarkata ba.

Bayan an binne ta na zagaya bayan gida, na riƙe bishiyar mangwaro, na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce, “Ya Ubangiji, na ƙi rusuna wa gunki, ga shi yanzu ko a gabanka ba na iya durƙusawa, ko a gaban wadda ta haife ni. Ban san abin da nake yi ba. Ka nuna mini hanya!” Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da na dawo Lafia na faɗa wa Baba Fasto komai. Ya ce, “Hajiyar ta ce ka kira sunan wani abu?” Na ce a'a. Ya ce, “To wa ya ba ka numfashin? Idan ka ja shi, kira sunan wanda ya ba ka. Koma, Bulus.”

Na koma. Hajiya Falmata ta yi mini ta'aziyya, ba ta tuna mini da baya ba. Ta duba ƙafar ta ce, “Ka makara. Ba na yi maka alkawarin tsere. Amma mu fara.”

Ga yadda muka yi. Da farko in kwanta in ja numfashi a hankali har kafaɗuna su saki. Sannan in ja ƙafar zuwa inda zafi ya fara. A nan ba a gudu, ba a kuma tilastawa. A tsaya, a numfasa, a ajiye hankali a kan abu ɗaya. Ni a kan sunan Yesu na ajiye nawa. Wata rana gwiwar ta matsa kaɗan, wata rana ta ƙi. Na jiƙa tabarmar nan da hawaye, amma ban yi fashi ba. A hankali har matsewar ƙirjin ta bar ni.

Tsere kam ya wuce ni, likita ya faɗa mini a fili. Yanzu ina taimaka wa koci, ina sa yara su miƙe jiki su huce bayan gudu, kuma wanda ya ji ciwo ni nake raka shi asibiti da kaina.

Makon jiya na je Assakio. Na ajiye sanda, na ja numfashi, na sauka a kan gwiwoyina biyu a bakin kabarin Mama. Babu hannun da ya taɓa kaina. Amma na daɗe a wurin, ina yi wa Allah godiya.

'Yan'uwa, Ubangiji ne ya saki gwiwata, ya kuma sake zuciyata. Yabo ya tabbata ga sunansa! Wanda ke da ciwo a cikinku, ya yi addu'a, ya tambayi na gaba da shi, kada ya zauna shi kaɗai da tunaninsa. Ku dogara ga Yesu. Wanda kuma uwarsa ke da rai, ya je ya durƙusa tun hannunta yana iya kaiwa kansa.

Amin.