Yaron Da Ya Gyara Kwamfutar Asibiti

A tashar Isa, wani dattijo mutumin Kurawa da wata budurwa mai jakar goyo suna jiran mota ta cika.

"Ɗiyata, yau dai an ba matata sakamakon gwajin jininta. Tun makon jiya muke zarya asibiti, wai babbar kwamfutarsu ta ƙi tashi."

"Faifan ajiyar bayananta biyu ne, guda ya mutu, Baba. Aka sa sabo, ya kwashe bayanan marasa lafiya daga ɗan'uwanshi. Sai dai abin da ke tada na'urar yana kan mataccen. Da aka ɗauke wuta, shi ke nan."

"Sabon bijimi ke nan: ga ƙarfi, ba a koya mishi huɗa ba."

"Haka fa. Da aka rubuta abin tadawar a kan faifan biyu, aka kashe, aka kunna, ta tashi."

"Hanyar ga ba ta biyuwa kullum da mara lafiya. Allah shi yi wa yaron da ya gyara albarka, shi ba shi mata tagari!"

Budurwar ta gyara jakarta, sukuddireba ya leƙo.

"Amin, Baba. Amma bar zancen matar nan, miji dai za ka roƙa mini."