Tuluna Biyar na Ƙofar Gidan Bayyumi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Shugabar wannan taro, Dakta Ihsan, wadda ta ce in taƙaita alhali ta san halina. Mai girma wakilin hukumar gunduma, Injiniya Mamduh, wanda aka ba kujera mai laushi aka bar ni da ta roba. Limaminmu Shaihu Abdurrazik da Abuna Mikha'il na cocin bayan kasuwa, da aka zaunar kusa da juna don a ga wanda zai riga wani gyangyaɗi. Editan jaridar garinmu, Ustaz Ra'afat. Masu zane da 'yan jarida. Samari da 'yan matan wannan zauren matasa. Matan layinmu da suka bar girki a kan wuta suka zo. Jama'ar Damanhur, manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Nabawiyya, matar marigayi Alhaji Bayyumi mai gyaran keken ɗinki, kakar Tahani wadda aka jera zanen barkwancinta a waɗannan bangaye. Wanda bai san ni ba ya dubi bangon. Tsohuwar nan mai baƙin mayafi da hanci kamar yalo, wai ni ce. Mayafin nawa ne. Hancin kuwa na dangin uwarta ne, ta ɗora min.

Ban yi nisa a makaranta ba, don haka ba zan karanta muku takarda ba. Godiya ce ta kawo ni. Amma godiyar da ba a faɗi dalilinta ba ba ta da gishiri, saboda haka ku yi haƙuri da ni, magana uku ce.

Ta farko, maganar tuluna. Tun da Alhaji ya rasu nake ajiye tuluna biyar a ƙofar gida, kan ƙarfe, kowanne da murfinsa da ganyen na'ana'a a ciki, mai wucewa ya sha, ladan ya je masa. Ranar da sabon shugabanmu ya fito a talabijin ya ce a cikin kwana ɗari zai gyara burodi, da gas, da cunkoson motoci, da shara, da tsaro, Tahani tana zaune a ƙasa tana ƙirgawa da yatsu. Sai ta ɗago ta dube ni, ni kakarta, ta ce, "Teta, biyar ne cif, daidai da tulunanki."

Kafin in dawo daga kasuwa ta zana burodi a jikin ɗaya, tukunyar gas a jikin ɗaya, haka har ƙarshe.

Na ce, "Ke yarinya, sadakar kakanki ce wannan, ba allon gwamnati ba."

Ta ce, "Teta, a layin nan wa ya kai kakana zagin gwamnati?"

Gaskiyarta ce, don mutumin har labarai yake yi wa gardama. Sai na kafa doka: kowace Juma'a, alkawarin da bai motsa ba, a kife tulunsa. Ita kuma ta riƙa zana tulunan a jarida mako-mako, da tsohuwa mai hanci a tsaye kusa da su.

Na gas ne ya fara kifewa, ranar da na bi layi tun safe har azahar na dawo ina gangaro da tukunya wayam kamar yadda na tafi da ita. Na motoci ya bi shi, bayan amaryar gidan Ummu Sayyid ta shafe rabin bikinta a cunkoso a kan gada, ango yana jira har furensa ya yi yaushi. Na tsaro ya kife da aka hau rufin Ummu Sayyid ɗin aka kwashe mata agwagin da take kiwo a can. Na shara kuwa ba sai na ba ku labari ba, hancinku ya riga ya ba ku. Na burodi kaɗai ya rage a tsaye, kuma zan faɗi gaskiya a gaban liman da fada: burodi ya gyaru. Ya ƙara girma, tsakuwa ta ragu. Ammu Girgis mai gidan burodi yana nan, ku tambaye shi.

To ga bazara, rana ta tsaya a tsakiyar ka, layi guda tulu ɗaya. Wata rana Usta Fathi direban ƙaramar bas ya tsaya, ya girgiza tulun ya ji ba ko ɗigo, ya ce, "Hajja, shi ya saɓa alkawari, mu ake horarwa da ƙishirwa? Shi fa nasa ruwan yana cikin firji."

Na ce, "Ka je ka gaya masa." Ya tafi yana gunaguni, ni kuma na ci gaba da mulkina.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, ku bar dariya ta huta. Da kwana ɗarin suka cika, Tahani ta yi zanen nan da ke bayan Dakta. Shugaba yana tafiya, tsohuwa tana bayansa ta ɗaga tulu sama da hannu biyu. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba, don ko yaron goye ya san abin da muke yi idan baƙon da ya ishe mu ya fita: a fasa tulu a bayansa don kada ya dawo. Ba a yi mako ba takarda ta zo. Wani ya shigar da ƙara, wai ta ci mutuncin shugaba, a zo ofishin mai gabatar da ƙara. Kowa a nan ya san inda irin wannan takarda take kai mutum. Ustaz Ra'afat ya dakatar da shafinta, ban kuma ga laifinsa sosai ba, yana da 'ya'ya. Yarinyar da ko a bayan akwatin ashana zane take yi ta tattara fensiranta ta ɗaure da roba ta jefa bayan kabad. Ta daina cin abinci. Ta ce min, "Teta, in suka riƙe ni, kada ki zo da kanki, matakalarsu tana da yawa." Na binne miji, na binne ɗa, wato ubanta, amma wannan magana ta zaunar da ni.

Wa ya shigar da ƙarar? Ustaz Hilmi lauya, ɗan layinmu, wanda aka yanke wa cibiya gida uku daga nawa. Ga shi can a sahu na uku. Kada ku juya. To, kun riga kun juya. Na nemi izininsa kafin in hau nan, ya ce in faɗi komai ban da maganar wandonsa lokacin yana yaro, kuma kun ga ban faɗa ba.

Ranar da za mu tafi ban kira kowa ba, Allah shaida ne. Na buɗe ƙofa riƙe da hannun Tahani, da tulun burodi a ɗaya hannun, don na ce ko ba komai yarinya ta sha ruwan gidansu. Sai na tarar da matan layi a tsaye, kowace da tulun gidanta cike. Ammu Girgis yana bayansu da faifan burodi a ka. Usta Fathi, wanda na kora da ƙishirwa, ya kawo motarsa ya ce wanda ya ciro kuɗi zai sauke shi a kan gada. Ba mu ɗaga kwali ba, ba mu yi ihu ba. Muka jera tuluna a gindin bangon ofishin, muka zauna. Aka shiga da Tahani.

Wani hafsa ya fito ya dube mu ya ce, "Wannan zanga-zanga ce?"

Ummu Sayyid ta ce, "Sadakar ruwa ce, ya Basha, ranka ya daɗe. Ko an hana ta ne ba mu ji ba?"

Ya duba dama ya duba hagu, rana tana dukansa, ya ce, "Na wa ya fi sanyi?" Yaransa ma suka sha, har da burodi.

Ana haka sai ga Hilmi, da kwat da jaka, gumi har cikin takalmi. Motarsa ta maƙale a cunkoso, tun daga tashar jirgin ƙasa ya taho a ƙafa. A nan kam alkawarin da ba a cika ba ya yi mana aiki. Bai dubi fuskar kowa ba, hannunsa ne kawai ya tafi inda ya saba tun yana dawowa daga makaranta. Ya ɗaga tulu sama, ya tsiyaya a baki ba tare da ya taɓa leɓe ba, yadda uwarsa ta koya masa. Da ya sauke sai ya ga hoton burodi a jiki. Da ya ɗago kai sai ya ga mai hancin yalo.

Na ce, "Ya yi sanyi, Hilmi?"

Ya ce, "Ya yi, Hajja." Ya goge baki. "Hajja, ba da ke nake yi ba, ba kuma don na tsani Tahani ba. Mutumin nan jiya-jiya ya hau, har an fara ɗaga masa tulu. In kowane shugaba za mu fasa wa tulu, yaushe ƙasar nan za ta zauna?"

Ku ji fa, ba maganar banza ya yi ba. Ni ma na kwana da ita a raina. Na ce, "Ɗana, ni ma shi na zaɓa, tawada ta yi mako a yatsana. Amma gaya min, in uwarka ta aike ka sayo abu biyar ka dawo da ɗaya, guɗa take yi maka?"

Ya ce, "Tambaya take yi."

"Da me a hannu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da silifa."

Na ce, "To Tahani fensir ta ɗauka. Ta fi uwarka tausayi."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana juya tulun a hannunsa, sannan ya miƙa min ya hau matakala. Muka zauna har inuwar bango ta gudu ta bar mu. Da suka fito, su biyu suka fito. Ya janye ƙararsa, aka rufe maganar. Ina rungume da yarinya ina kuka sai ya matso ya ce, "Hajja, ina da sharaɗi. Ki miƙe tulunan nan. Tun da kika kife su uwata take cewa kin bar Alhaji Bayyumi da ƙishirwa a kabari saboda siyasa."

Jama'a, lauya ya kayar da ni a bakin titi, ba alƙali.

Magana ta uku gajera ce, Dakta, ki daina duba agogo. Yau tuluna biyar suna tsaye, duk cike. Wanda ba a cika alkawarinsa ba baƙin ƙyalle muke ɗaura masa a wuya, a sha ruwa a kuma tuna. Kowace Juma'a bayan masallaci Hilmi yakan zo ya tsaya wa shugaba, Tahani ta tsaya wa layi, mu kuma mu yanke hukunci muna ɓare gyaɗa. Makon jiya an yi rigima kan na shara. Samarin wannan zaure ne suka kwashe ta da hannunsu, Hilmi ya ce ai shugaba ne ya zaburar da su. Na ce in haka ne, nan gaba ya zo ya zaburar da su da shebur a hannu. Ƙyallen yana nan. Injiniya Mamduh, ƙyallaye huɗu ne, ban zo da faɗa ba. In ka ga dama ka zo ranar Juma'a da motar shara, ni da kaina zan miƙa maka almakashi ka yanke ɗaya, Tahani kuma ta yi alkawarin ba za ta taɓa kunnuwanka a zane ba.

Saboda haka na gode wa matan da suka ɗauki tulu, na gode wa Ammu Girgis, na gode wa Usta Fathi da ya faɗa min gaskiya na ƙi ji. Na gode wa hafsan da ya zaɓi shan ruwa. Na gode wa Hilmi, don shigar da ƙara kowa yana iya yi, amma hawa matakala a gaban matan layinku ka janye ta, sai ɗan da aka yi wa tarbiyya da silifa mai kyau. Na gode wa shugaba saboda burodi, sauran huɗun muna jira. Na kuma gode wa Ustaz Ra'afat, wanda ya raɗa min a ƙofa cewa shafin Tahani zai dawo gobe. Ustaz, ɗaga hannu su gan ka. Yauwa. Liman ya gani, fada ya gani, yanzu ba raɗa ba ce.

Jiya da safe na ji ana jan kabad. Na leƙa na tarar da ita a ƙasa, ta kwance robar, tana fiƙe fensir. Na ce, "Tunda an tsira, a rage min hancin nan." Da yamma ta nuna min sabon zanenta, wanda yanzu zai fito gobe. Hancin ya ƙaru. Wallahi ban taɓa murnar ganin munina irin ta jiya ba.

Allah ya tsare hannun masu zane, ya ba shugabanni ikon cika abin da bakinsu ya ɗauka, ya ba mu haƙurin jira da ƙarfin tambaya. Allah ya ji ƙan Alhaji Bayyumi da dukan mamatanmu, ya shayar da su. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa ya tarar girki bai ƙone ba. Tulunan suna bakin ƙofar fita, duk biyar. Ku sha, amma ku mayar da murfi.

Na gode.