Kafin Ku Kori Malama Zubaida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Mujitaba, iyayenmu malamai, wakilan rassanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, 'yan uwa marubuta maza da mata, da jama'ar da ta cika ɗakin nan har bakin taga, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bature Ƙofa, tsohon hedimasta. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina kuma godiya ga jama'a, domin shekarata tara a wannan ƙungiya ta marubuta, ban taɓa ganin mun cika benci uku ba sai yau da aka ce za a kori mutum. Ranar ƙaddamar da littafi kowa yana gona, ranar tozarci kuwa har da masu shatar mota daga Doguwa.

Malama Zubaida, mai koyar da Hausa a nan Kiru, ta fassara tarihin wata marubuciya 'yar ƙasar Birazil mai suna Dalva, shafi ashirin da shida. Kwamitin ladabtarwa ya ce a kore ta daga ƙungiya, a kuma aika wa makarantarsu takarda. Kowa a nan ya san takarda irin wannan ba ta barin mutum da aikinsa, kuma da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta.

Na farko, kwamitin. Na bi mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na ce wa ya karanta? Ɗaya ya ce da ni, "Malam, ai Birazil ƙasar 'yan ƙwallo ce, me ya haɗa su da rubutu?" Ɗaya ya ce an turo masa hoton bangon a waya. Babbansu ya ce shi ko taɓawa ba ya yi, don tsoron Allah. Ka ji marubuta, ka ji alƙalai! Ko a kasuwar Tudun Wada ba a sayen buhun masara sai an soka an ga ƙwaya, amma su sun yanke wa mace hukunci ba su buɗe shafi ɗaya ba.

Na biyu, abin da ke ciki, tun da ni na karanta. Dalva an haife ta namiji, ta girma ta rayu a matsayin mace, ta sauya suna. Gida suka kore ta, makaranta ta kore ta, a titi ta ƙarasa koyon rubutu. Ban zo ba da fatawa ba, ga malamai nan zaune, sun fi ni sani. Abin da na zo faɗa shi ne aikin da ta ba ranta: idan aka kashe irinta, aka jefar da gawa babu mai nema, sai ta bi asibiti, ta bi maƙabarta, ta nemo sunan, ta nemo uwar, ta rubuta, don kada a binne ɗan Adam kamar an binne kare. Ko layi ɗaya babu inda Malama Zubaida ta ce wani ya zama wani abu. Ta dai ce mamaci yana da haƙƙi, kuma wannan tun muna makarantar allo muka san shi.

Na uku, shi ne wanda na san ya fi ƙona wasu, ni ma yana ƙona ni. Kun san Jibrin mai tuwo na tashar Tudun Wada. Ɗan daudu ne, ba a ɓoye ba. Wa ke nan da bai ci miyarsa ba? Wa ya aurar da 'ya bai aika a kira shi ya ɗora tukunya ba? Ya rasu bara da damina. Mutum huɗu suka sallace shi: liman, da direbobi biyu, da wani makiyayi da ya zo cin kasuwa, wanda bai ma san sunansa ba. Da aka zo ɗaukar makara, sai da liman, dattijo ɗan shekara saba'in, ya sa kafaɗarsa.

Ni kuwa ina tsallaken titi. Na ga sun fito, na tsuguna ina taɓa sarƙar kekena, alhali lafiyarta ƙalau, har suka sha kwana. Tun ranar kunya take cina, kuma a ranar, da na ɗaga kai, na ga fuskoki a rumfar mai shayi, wasunsu ga su nan a bencin gaba. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Littafin nan ya tuna mana ranar, shi ya sa muke neman wanda za mu huce a kansa.

Saboda haka, ya shugaba, idan an zo ɗaga hannu, a ɗaga. Amma magatakarda ya rubuta sunana a saman nata, a kore mu tare, domin ita fassara ta yi, ni kuwa gawar Musulmi na bari ta wuce ni.

Allah Ya jiƙan Jibrin, Ya gafarta masa, Ya gafarta mana. Allah Ya rufa wa Malama Zubaida asiri. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya kuma ba kowannenmu waɗanda za su ɗauki makararsa ba tare da an roƙe su ba.

Na gode.