Canjaras a Kasuwar Gandi

Ran kasuwar Gandi, zamanin da Nasara ke ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza, wani baƙo ya tsuguna inda tsoho Mode ke kasa albasa.

"Baba, jiya na ga abin takaici. Gwanayen dara biyu, ga ci a hili kowa ya ƙi ci, har anka tashi canjaras! Mi ka damunsu?"

Mode bai ɗaga kai ba. "Wa da ƙane na. Dogari ya ce wanda anka cinye shi ka tahiya kuza."

"Ashe kowa so shikai a cinye shi! To, da anka yi canjaras hwa?"

"Sai yat tasa su gaba su biyu."

"Ka san su ke nan?"

"Ɗiyana na. Da hannuna nik koya musu dara."