Yayana Ya Daina Sha, Amma Ba Mai Kawo Masa Ɗinki

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Ladidi daga unguwar Nima a Accra.

Yayana Sule tela ne. Tun da aka koro 'yan Ghana daga Legas har da shi, ya daina magana da kowa, sai shan akpeteshi, giyar gargajiya mai ƙarfi. Dangi suka ce aljanu ne. Ni kaɗai na kai shi asibiti, likita ya ce, "Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani."

Wata takwas ke nan bai taɓa kwalba ba. Ya koma kan kekensa, amma ba mai kawo ɗinki. Jiya maƙwabciyarmu ta ce, "Wa zai ba mahaukaci atamfarsa?" A kunnensa ta faɗa. Yau ya ƙi fitowa daga ɗaki.

Jama'a, ku ba ni shawara. Me zan faɗa masa kada ya koma shan giya?