Ƙaramin Baƙi a Waƙar Ilarie

A wani shagon buga takardu a birnin Oradea, Veturia na kan layi riƙe da waƙar yabon Allah da mijinta Ilarie ya rubuta, wadda za a rera gobe wurin jana'izarsa. Wani dattijo a bayanta ya leƙo.

"Baiwar Allah, a gyara nan. Wannan 'kai' ɗin ai Ubangiji ake nufi, babban baƙi ake sa wa."

"Haka mai ita ya rubuta, Baba."

"Kuskure ne. Na daɗe ina jagorantar mawaƙan coci."

"Da can da babba yake rubutawa. Tun da ruwa ya ci 'yarmu ya koma ƙarami."

"Fushi ya yi da Allah ke nan."

"Ni ma haka na zata. Sai ya ce mini a lokacin nan Allah kaɗai ya zauna da shi, har ya zame masa ɗan gida."



"Ni ma ɗana ya rasu," dattijon ya ce a hankali. "Ban taɓa ƙanƙanta baƙi ko ɗaya ba. Addu'ar dai na daina."

 Veturia ta miƙa masa takardar, ya karɓa da hannu biyu, ya soma karantawa.