Banki Ya Ce In Koma Garinmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Sani Mahauci, daga Agege, kuma da ɓacin rai na rubuto.

Shekara tara ina ajiya a wani banki a Ogba. Duk lokacin da na kai kuɗi, da murmushi suke karɓa, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Bana na nemi rance in sayi firij, don naman da ya kwana asara yake zame mini. Sau biyar ina rufe rumfa ina zuwa.

A zuwa na ƙarshe na wuni a benci, ina kallo aka shigar da wani ɗan kwangilar siminti, har da ba shi shayi. Da na samu shiga, manaja ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce, "Ina takardar gida?"

Na ce, "Oga, gidan gado ne, ba shi da takarda."

Ya ce, "To, ka koma garinku ka nema a can."

Garinmu! Da Yarbanci na amsa masa cewa a Agege aka haifi ubana. Washegari na kwashe ajiyata kaf.

Kullum kuna faɗa mana kuɗin mai ya cika ƙasa. Na masu kwat ne kaɗai? Masu sauraro, ina talaka mai sana'a zai dosa? Ina gaida mahautan Agege. Manaja kuwa, ban gaishe shi ba.